Wanzamin Shingen Masauki

Ka taɓa tsayawa gaban shingen fulawa, irin wanda ake askewa ya miƙe sambal kamar bango, ka ɗaga ganyen ka leƙa ka ga gindi nawa ne a ƙarƙashi? Da wuya. Ido abu ɗaya yake gani, dogon layi kore. To, wanda ya kewaye wani masaukin baƙi mai ɗaki goma sha takwas, gindi ɗari huɗu da goma sha biyu ne cif: ɗari da arba'in a gaba ta bakin titi, casa'in da shida a dama, casa'in da shida a hagu, tamanin a baya. Mutum ɗaya ne ya san wannan lissafi, don shi ya dasa su da hannunsa, kamu ɗaya tsakanin kowanne da ɗan'uwansa, shekara ashirin da shida da suka wuce.

Wanzami ake ce masa. Bai taɓa ɗora aska a kan ɗan'adam ba. Mai gadin masaukin ne ya laƙaba masa, wai shi kaɗai ne wanzamin da masu zuwa aski ba sa motsi, ba sa ƙorafi, kuma ba sa biya. Suna ya bi shi, har direbobin da ke sauke baƙi ba su san wani ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Da leburanci ya zo wurin, lokacin da ake ginin. Da aka gama aka sallami kowa, wani tsohon gadina da aka ɗauko ya tsara filin ya lura cewa cikin leburorin shi kaɗai ne ba ya taka abin da aka shuka, sai ya ce a bar masa shi.

Fulawar ba wata ta a zo a gani ba ce. Ƙananan ganye gare ta masu kauri da sheƙi, kowanne kamar farcen babban yatsa. Ba ta wani fure, ba a cin ta, akuya ma sansanawa take yi ta wuce. Abin da ta iya ɗaya ne: ba ta kaɗewa. Rani ya gasa gari, komai ya koma ruwan ƙasa, ita tana nan kore shar. Damina ta sauka, ta yi ta toho kamar ana jan ta. Ga ta da haƙurin aski, yadda ka yanka ta haka za ta tsaya.

Tsohon gadinan ya bar masa almakashi ɗaya mai ƙotar katako, da dokoki uku. Ta farko, kada ka yi aski da ido, ka kafa turke biyu ka ja igiya. Ta biyu, almakashinka ba ya zuwa aro, kuma ruwa ba ya taɓa shi, tsumma da man inji kawai, saboda tsatsa. Ta uku, abin da ka aske kada ka zubar, ka tura shi ƙarƙashin gindi ya ruɓe ya zama taki. Tsoho ya rasu a shekara ta biyar, dokoki suka zauna. Wanzami bai taɓa saɓa ko ɗaya ba, kuma shekara ashirin da biyar babu gindi ɗaya da ya mutu a hannunsa. Wa zai ce masa ya sake hali?

Duk mako biyu yake zagayen aski, kuma ba ya canza tsari: Litinin gaba, Talata dama, Laraba baya, Alhamis hagu. Juma'a ya bi da manjagara yana cusa ganye a ƙarƙashi. Asabar ya wasa almakashi, shafa arba'in a kowane baki, ya goge da tsummansa. Ban-ruwa kuwa kullum da la'asar, da tiyo, ta sama, don ƙurar titi ta wanke ganye ya yi ƙyalli.

Ban da albashi, abin da aikin ya ba shi shi ne ɗaki ɗaya a bayan masaukin, kusa da ɗakin wanki. Taku biyar a tsaye, huɗu a kwance, taga ɗaya. Babbar darajar ɗakin ita ce ba shi da matakala ko ɗaya. Shekara huɗu ke nan da matarsa ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu, ta farfaɗo ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Baki ya dawo, har ya fi da kaifi, ƙafa ce ta ƙi. Da sanda take jan jiki taku tara zuwa famfo, taku shida daga famfo zuwa wani benci a inuwar shinge, inda take wuni tana tsince shinkafa da hannu ɗaya tana sa wa masu wanki ido. Wannan taku goma sha biyar shi ne garinta gaba ɗaya. Cikin 'ya'ya huɗu da suka haifa mace ɗaya ce ta rayu. Tana aikin goge-goge a wani asibiti, tana zaune da mijinta da yara uku a saman bene, matakala talatin da biyu.

"Malam," matar tasa, Inna, takan ce in ta gan shi durƙushe yana duba gindi, "'ya'yan nan naka ɗari huɗu, wanne ne zai kawo mana cefane yau?"

"Su suka kama miki ɗakin da kike kwana."

"To ka ce musu rufin yana yoyo."

A farkon daminar shekara ta ashirin da shida aka kawo sabuwar manaja, matashiya mai son gyara. Ta sayo fulawa shida irin tasa a manyan tukwane, an aske su kamar ƙwallo, aka jera su a ƙofar shiga. Wanzami ya ji daɗi, ya sa su a farkon layi. Duk ranar Litinin da su yake buɗe aski, sannan ya wuce shingen gaba. Ba a jima ba biyu daga cikinsu suka yi baƙin ɗigo a ganye, suka zube, suka bushe. Aka ce tukunya ce ta matse su. Ya tattara ganyen da ya zuba, tun da shi ba ya asarar ganye, ya cusa a ƙarƙashin shingen gaba.

Wata ɗaya bayan haka shingen gaba ya fara. Baƙin ɗigo tukuna, sai ganye ya koma ruwan ƙasa, sai baƙin zane a jikin reshe, sai zubewa daga ƙasa zuwa sama. Kafin a ce me, daga titi ana hango tayoyin motocin baƙi. Ran nan kare ya shigo ta wata kafa ya bi wani baƙo har bakin ɗakinsa. Washegari manaja ta aika a kira Wanzami. Kafin ya tafi ya zagaya ya ƙirga masu ciwo: tamanin da takwas.

"Baba, zauna mana."

Bai zauna ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa, don kada ƙasar takalminsa ta ɓata mata tayil.

"Mai masaukin ya zo jiya ya ga gaban nan. Ya ce a tumɓuke a ja katangar bulo a huta. Na roƙe shi, na ce feshi zai yi magani. Ya ba ni mako shida. In abin ya tsaya, shinge yana nan. In bai tsaya ba..." Ta juya biro a hannunta. "Ka sani, Baba, in babu shinge babu aikin gadina. Ɗakin kuma na mai aiki ne."

"Ranki ya daɗe, yunwa ce take damun fulawar, kuma ni ne na yi sake. Ki bar ni da kwana arba'in da biyun nan."

Daga ranar ya shiga aiki ba ji ba gani. Ya zuba taki baro goma sha huɗu. Ya yi feshi sau biyu da maganin da manaja ta sayo. Aski na mako biyu ya koma na kullum: da sassafe ya fara daga tukwane, ya bi gaba, dama, baya, hagu, yana farautar baƙin ɗigo, duk reshen da ya gani ya datse, ya gyara na kusa da shi, ya tura abin da ya yanka a ƙarƙashi. Ko ranar da aka yi ruwan sama sai ya bi da tiyo ya wanke ganye. Kowace yamma yana ƙirga. Kwana na bakwai, ɗari da ashirin. Na sha huɗu, ɗari da sittin da uku. Na ashirin da ɗaya, ɗari biyu da tara. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huda biyu a bel.

Bai gaya wa Inna zancen mako shida ba, amma masu wanki ba su da rufi a baki. Wata rana yana wanke hannu a famfo ta ce daga kan bencinta, "Malam, matakalar gidan yarinyar nan nawa ce ma?"

"Ba za ki hau ta ba."

"Tambaya na yi."

"Talatin da biyu."

"To ka ce mata ta fara share min wuri kusa da taga. In ba zan taka ƙasa ba, ai na riƙa ganinta."

Akwai wani lungu da Wanzami ba ya son kallo. Shekara biyu da suka wuce aka kafa tankin ruwa a kusurwar baya, aka kewaye shi da ragar ƙarfe aka sa kwaɗo, gindi ashirin da uku suka faɗa ciki. Sau biyu ya tambayi mai gyaran famfo makulli, aka ce masa gobe, ya yi zuciya ya bari. Fulawar ciki ta yi buzu-buzu ta wuce tsawon mutum, tana shan ɗigon tanki ta saiwa. Shi a wurinsa abin kunya ce, in ya zo wucewa kawar da kai yake yi.

A kwana na ashirin da bakwai, ƙidaya ta kai ɗari biyu da hamsin da ɗaya, yana turo baro ta wurin sai ga mai gadi, Dogo, jingine da ragar da rediyonsa a kafaɗa. Shekara ashirin suna tare, shekara ashirin suna cacar baki.

"Wanzami, zo ka gai da marayunka."

"Ba ni da lokacin shirme, Dogo."

"Ka zo mana. Waɗanda ka yi wa gata duk sun koma ƙashi. Waɗannan da ba su ga fuskarka ba shekara biyu, dubi ƙiba, dubi sheƙi. Ni wallahi da fulawa ce ni, in na hango ka da almakashin nan, da tukunyata zan gudu."

Dogo wasa yake yi, yana jiran a rama. Ba a rama ba. Wanzami ya ajiye baro, ya kama raga da hannu biyu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da uku, ko ɗigo babu. Taku uku daga nan, a wajen raga, maƙwabcinsu tsirara yake kamar tsintsiya. Ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin kwanakin nan, ya raba ƙidayar gefe-gefe. Gaba, ɗari da talatin da ɗaya cikin ɗari da arba'in. Dama, saba'in. Baya, talatin da ɗaya. Hagu, goma sha tara. Daga inda yake farawa zuwa inda yake ƙarewa. Ciwon sawunsa yake bi.

Ya saki ragar, ya juya wurin Dogo. Ya ce, "Ina zan samu mai gyaran famfon nan? Makulli nake so."

"Wane mai famfo? Makullin yana ɗakin gadi, rataye a ƙusa, bayan kalanda."

"Shekara biyu?"

"Ka tambaye ni? Kai da ko gaisuwa sai ranar da ka ga dama."

Wanzami ya dube shi, bai san ko mari zai kai masa ko godiya ba.

Ranar Asabar ce, 'yarsa ta zo duba Inna. Ta same shi zaune a bakin ƙofa da almakashi a cinya, ya ɗauko tsumman mai amma bai goga ba, yana kallonsa kawai.

"Baba, tsumman nan fa tun ina firamare nake ganinsa."

"Yana aikinsa."

"Mu a asibiti, tsumman da ya goge ɗakin mai ciwo ba ya shiga ɗaki na gaba sai ya sha bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayar cuta. In aka kama ki, ko jakarki ba za ki tsaya ɗauka ba."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙar girkin Inna, ya sa bakinta a wuta har ya yi ja.

"Wuƙata kuma?" in ji Inna. "Shekara ashirin da shida ko zare ba ka bari na yanke da almakashinka ba, yau ni ce mai ba da aro?"

Ya karɓi makulli ya buɗe raga. Ya zaɓi gindi uku a ƙarshen dama, ya datse wa kowanne reshe da almakashinsa, ya ɗaura jan ƙyalle. Ya zaɓi uku a ƙarshen hagu, ya yanka da wuƙa, ya ɗaura fari. Tun yana ɗaura jan ƙyallen zuciyarsa ta riga ta gaya masa abin da ya yi musu.

Daga ranar ya rataye almakashi, ya naɗe tiyo. Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin shingen gaba har gwiwar hannu, ya jawo. Baƙin ruɓaɓɓen ganye ne, jiƙe sharkaf, da farin funfuna a jikinsa, yana wari kamar tsohuwar rijiya. Duk ganyen da ya yanke don ya raba shinge da ciwo yana nan kwance a gindinsa, kuma duk ɗigon ruwan da ya faɗi a kai yana fantsala shi sama. Ya kwashe da manjagara da hannu, baro sittin da ɗaya cikin kwana biyar, ya ƙona a bayan ɗakin wanki har masu wanki suka yi ƙorafin hayaƙi ya kama zannuwan gado. Ban-ruwa ya koma na bokiti, da safe, a gindi.

Abin ya yi aiki. Cikin kwana goma sha ɗaya gindi goma sha biyar kacal suka ƙaru, inda a da mako ɗaya yake cin arba'in. Amma ido ba ya ganin wannan. Shinge babu aski, an kwashe tarin da ke toshe ƙasansa, sai ya fi kowane lokaci muni. Mutum yana tafiya a titi yana ganin ƙafafun masu shara a ciki.

Kwana na talatin da takwas ya buɗe raga. Masu jan ƙyalle, ukun duka, baƙin ɗigo ya fito kewaye da inda almakashi ya taɓa. Masu fari lafiya lau, har sun fara toho. Sannan ya ɗauko diga ya tumɓuke ukun da kansa, ya kai wuta. Saura ashirin.

Dogo ya same shi a wurin wutar, wannan karon babu rediyo.

"Ji nan, ɗan'uwa. Mai masaukin nan ba ya fitowa daga mota, gilashi kawai yake saukewa. Ranar da zai zo, ka sassaro rassan marayun nan ka soka a kafofin gaba. Kwana biyu suna kore. Ya gani, ya ɗaga gilashi, ya tafi. In kuma magana ta zo, ka ce tukwanen manaja ne suka kawo. Ai ba ƙarya ba ce."

Kada a ce Wanzami bai yi tunani ba. Washegari ya shiga cikin ragar da wuƙa a hannu, matakala talatin da biyu suna masa yawo a ka. Ya yi lissafi a tsaye. Kafin gaba ya toshe ana bukatar reshe ɗari uku, manya, goma sha biyar daga kowane gindi, wato ya tsiraita su kaf. Rana ta uku rassan su bushe. In an yi sa'a mai masaukin ya yi wata guda bai dawo ba. Bayan watan fa? Babu shinge, kuma babu lafiyayyen iri ko ɗaya da za a tayar da sabo. Ya mayar da wuƙa aljihu, ya kulle.

Kwana na arba'in da ɗaya ya wanke ƙafa ya tafi ofis.

"Ranki ya daɗe, na gano ciwon. Tukwane ne suka shigo da shi, ni kuma na raba shi gida-gida da almakashina. Feshi ba zai yi ba. Amma yana da magani."

Ya zayyana mata. A tumɓuke duk masu ciwo a ƙona, a kankare ƙasar sama a zuba sabuwa. Daga ashirin ɗin bayan tanki ya yanki ƙananan rassa ya tayar, mako shida su yi saiwa, wata shida a leda, sannan dashe. Shekara biyu su haɗe su kai ƙugu.

"Shekara biyu da rabi ke nan, Baba."

"Da 'yan kwanaki."

"Ni da na ce masa feshi zai yi? Yanzu in ce ya bar gaban masauki a buɗe shekara biyu da rabi?"

"A ja ragar waya kafin nan, ranki ya daɗe. Ba ta da wuya."

Ta dube shi, ta ɗauki waya ta kira mai masaukin a gabansa. Ta yi bayani yadda ya faɗa, ba ta rage ba, har zancen tukwane. Daga nan sai sauraro. Wanzami yana kallon agogon bango, minti uku da ɗan abu. Ta ajiye wayar a hankali.

"Ya ce magina za su zo Litinin. Ɗakin kuma zuwa ƙarshen wata." Ta sunkuyar da kai. "Baba, tukwanen nan ni na sayo su."

"Ke shida kika sayo, 'yata," in ji shi. Ya sa hularsa ya fita.

Kwana huɗu magina suka yi suna tumɓukewa, masu ciwo da masu lafiya duka, don layin katanga bai san bambanci ba. Kusurwar tanki ce ta ƙarshe. Kafin su iso, Wanzami ya shiga da wuƙar Inna da bokitin ruwa ya yanki rassa sittin. Dogo ne ya bi kicin ɗin masaukin ya tattaro masa gwangwanayen madara da na tumatir, yana hudawa da ƙusa yana mita wai an mayar da shi yaron gadina da tsufansa.

Ranar tashi mijin 'yar ya aro motar kaya. Komai nasu bai cika rabinta ba, gwangwanaye ne suka cika sauran. A gindin bene aka zaunar da Inna a kujerar roba, surukin da wani maƙwabci suka ɗaga, Wanzami yana biye da sandarta. Sau uku suka huta. A hutu na biyu ta ce wa surukin, "Ɗana, ka riƙe da kyau, uwar matarka ce ba buhun siminti ba." Aka yi dariya, ban da mai riƙe da sanda.

Wata takwas ke nan ba ta sauko ba. A falo suke kwana, bayan labule, sai yara sun gama kallo. Shi yana bin gidajen mutane yana neman askin fulawa, wani makon kwana uku, wani makon babu. Almakashin yana nan. Ya wanke shi da bilic, ya shanya, ya shafa mai da sabon tsumma, kuma bai yi tsatsa ba. Yanzu da kwalbar bilic yake yawo a jaka, in ya gama wani gida sai ya jiƙa kafin ya shiga na gaba. Wata matar gida ta tambaye shi ko tiyata zai yi wa fulawar.

Cikin sittin, ashirin da biyu suka yi saiwa. Jikoki suka ture huɗu da ƙwallo. Masu zama a ƙasan benen suka kai ƙara wai ruwa yana ɗiga musu a shanya, mai gidan haya ya ce a rage, aka ba maƙwabta huɗu. Goma sha huɗu suna jere a baranda, ƙarƙashin taga, inda hannun Inna na dama yake kaiwa. Ita ke ba su ruwa da kofi, a gindi, da safe. In ganye ɗaya ya faɗi sai ta tsince ta jefa a leda. Ba ta bari ya taɓa su sai ya nuna mata hannunsa. Inda za a dasa su in sun fi ƙarfin gwangwani, babu wanda ya sani, kuma babu wanda yake tayar da zancen.

Kai da kake da ɗan fili, ko taku biyu ne a ƙofar gida, ka gwada. Ka nemi lafiyayyar fulawa mai wannan hali, ka duba ganyenta ciki da bai, ka roƙi reshe goma, kowanne tsawon tafin hannu. Kafin ka yanka ka jiƙa bakin wuƙarka minti goma a ruwan bilic, kofi ɗaya cikin kofi tara na ruwa, ka ɗauraye. Ka zage ganyen ƙasa, ka soka rabin reshen a gwangwani mai huda uku, yashi kashi biyu ƙasa kashi ɗaya, ka ajiye a inuwa. Ruwa a gindi, da safe, kada ka jiƙa ganye, kuma duk wanda ya faɗi ka ɗauke. Bayan mako shida ka ɗan ja a hankali. Wanda ya biyo hannunka ka zubar. Wanda ya ƙi, ya kama. Cikin goma za ka samu uku, wataƙila huɗu. Ka fara a makon nan.